Sana'ar mutum da ciwon dajin ƙoda

Wanda yake kusa da rediyo ya ƙara murya kaɗan saboda na baya. Wanda yake da allo da alli, ko littafi da fensir, ya jawo su kusa, don akwai abin da za mu rubuta.

Tambaya ce ta jawo hirarmu ta yau. A ajin da nake koyarwa da dare akwai wani dattijo makaniki. Ya haura shekara 55. Tun yana ɗan shekara 12 aka kai shi garaji, kuma har yau yana ciki. Wani dare da aka tashi, sai ya tsaya har kowa ya fita. Ya ce, "Mushe, ina da tambaya, amma ba ta karatu ba ce." Na ce, "Bismilla, Baba." Ya ce sau biyu ke nan yana ganin jini a fitsarinsa. Babu zafi, babu ciwo. Ya yi kwana biyu, ya ɗauke. Abokansa sun ce tsargiya ce, kada ya damu. To amma shi rabonsa da shiga tafki ya fi shekara 30. Sannan ya ce, "Mushe, kai da ka yi karatu, aikin nan namu yana taɓa ƙoda?"

Na ce masa, "Baba, ni malami ne, ba likita ba. Gobe da safe ka tafi asibiti, kada ka jira jibi." Ni kuma na koma na yi karatu a kan tambayarsa. Abin da na samo shi na kawo muku.

Bari mu fara da kalmar kanta. Ku rubuta: ƙoda. Harafin farko ƙ ne mai lanƙwasa a kai. Idan kuka sa k maras lanƙwasa, kuka lanƙwasa d, kun rubuta koɗa, irin koɗa dutsen niƙa. Kun ga lanƙwasa ɗaya ta canza zance. To, ƙoda muke nufi.

Kowane mutum yana da ƙoda biyu. Suna can baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙashin baya yana tsakaninsu. Kowace girmanta kamar dunƙulen hannunka, siffarta kamar ƙwayar wake. Wanda yake son ya gani da ido, ranar kasuwa ya ce mahauci ya nuna masa ƙodar rago. Tamu haka take, sai dai ta fi girma.

Aikin ƙoda tace jini. Duk jinin da zuciya ta tura, kashi 1 cikin 5 wurin ƙoda yake zuwa. A wuni ɗaya da dare ɗaya ƙodojin mutum suna tace ruwa kamar lita 180. Ku lissafa: bido 9 ke nan masu cin lita 20. Kusan duka wannan ruwa suna mayar da shi cikin jini. Lita ɗaya da rabi kawai suke fitarwa, tare da dauɗar da suka tsince. Shi ne fitsari.

Ku riƙe wannan, don shi ne gindin zancen. Abin da ya shiga jinin mutum, ko ta baki, ko ta hanci, ko ta fata, da yawansa sai ya bi ta ƙoda kafin ya fita. Mata sun san rariya. Duk tsakuwar da ke cikin gari, a kan rariya take tsayawa. Idan tsakuwa ta yi yawa, rariyar ce ke fara hujewa.

To mene ne ciwon daji? Wasu suna cewa sankara, wasu kansa. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da umurni a cikinta: lokacin da za ta haihu, lokacin da za ta tsaya. Idan wannan umurni ya lalace, sai ƙwayar ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Sai ta zama ƙari. Ƙarin ya girma, daga baya ya aika ƴaƴansa huhu, ko ƙashi, ko hanta. Ba sammu ba ne. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ko da kun ci a kwano ɗaya.

Ciwon dajin ƙoda ba ya cikin waɗanda suka fi yawa. Amma a duniya ana samun sababbin masu shi sama da 400,000 kowace shekara. Ya fi kama maza, kusan ninki biyu na mata. Ya fi kama waɗanda suka manyanta, daga shekara 50 zuwa sama. Muguntarsa ita ce shiru. Yana iya yin shekaru yana girma, mutum bai ji komai ba.

Yanzu mu zo ga sana'a.

A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai wata cibiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya. An kafa ta a 1965. Aikinta ta tara masana, su duba abubuwan da mutane ke taɓawa da shaƙa, su ce wannan yana kawo ciwon daji, wannan ana zarginsa, wannan babu hujja. Ba sa gaggawar yanke hukunci. A shekarar 2012 suka ce sun tabbatar da wani ruwa yana kawo ciwon dajin ƙoda. Sunansa dogo ne. Da faransanci haka ake rubuta shi a jikin gwangwani: trichloréthylène. Ma'aikata suna gajarta shi su ce tirikulo. Ku rubuta haruffan farko: t, r, i, c, h, l, o. Ko ba ku iya karanta sauran ba, idan kun ga waɗannan bakwai a jere, ku gane shi.

Ruwa ne garau kamar na sha. Yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Yana bushewa da sauri, ba ya saurin kama wuta kamar esansi. Yana cinye giris da baƙin mai nan take. Shi ya sa masana'antu suka so shi shekaru da yawa: da shi ake wanke ƙarafa kafin a yi musu fenti ko a haɗa su. An yi amfani da shi wajen wankin tufafi na inji, wanda ba a sa ruwa, da cikin wasu irin gam.

Yaya aka gane shi? A ƙasar Jamus akwai wata masana'antar kwali. Daga 1956 zuwa 1975 ma'aikatanta suna wanke injuna da tirikulo. Da suka ga yana aiki, sai suka riƙa wanke daɓe da shi, da tufafi, har da hannuwansu. Ɗakin a rufe. Wasu har jiri yake ɗibarsu, su fita su sha iska su dawo. Bayan shekaru masana suka bi sawunsu. Cikin mutum 169 da suka yi aiki da ruwan, 5 sun kamu da ciwon dajin ƙoda. Cikin 190 na masana'antar da ba su taɓa shi ba, babu ko ɗaya. An buga wannan a 1995. A Faransa ma akwai wani kwari da ake kira Arbe, kusa da iyakar Suwizalan, inda sana'ar mutane ita ce ƙera noti da ƙananan ƙarafan inji. A 2006 bincike ya nuna waɗanda suka fi shaƙar tirikulo a can, haɗarinsu ya ninka sau 2. A Amurka kuwa ba ma'aikata kaɗai ya taɓa ba. A wani barikin soja da ake kira Kam Lajun, irin wannan ruwa ya zurara ƙasa ya shiga ruwan sha daga 1953 zuwa 1987. A 2017 gwamnatin ƙasar ta amince cewa tsohon sojan da ya zauna can, ya kamu da ciwon dajin ƙoda, za a ɗauka barikin ne sanadi. A watan Disamba na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar hana tirikulo.

Ga yadda yake ɓarna. Mutum ya shaƙe shi, ko ya ratsa fatarsa. Ya shiga jini. Hanta ta juya shi ya zama wani abu. Wannan abin ya iso ƙoda, ƙoda ta tara shi don ta fitar. A nan cikin ƙodar yake sake juyawa ya zama dafi, ya taɓa umurnin nan na cikin ƙwaya. Ba yau ciwon zai fito ba, ba baɗi ba. Sai bayan shekara 20, ko 30. Yaron da ya wanke ƙarfe da shi yana ɗan shekara 15, sai ya yi furfura abin ya bayyana. Lokacin ya manta da gwangwanin, wataƙila ma ya canza sana'a. Ina wannan magana musamman da ƴan uwanmu da suka yi aiki a manyan garaji da masana'antu, ko a nan gida, ko wurin ci-rani a Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Abijan.

Kada tsoro ya kama ku fiye da kima. Mu yi lissafi tare. Da aka haɗa bincike da yawa wuri ɗaya, an ga masu aiki da tirikulo haɗarinsu ya ƙaru da kamar kashi 30 cikin 100. Me wannan yake nufi? Mu ɗauki misali na allo kawai. A ce cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shi ba, 10 za su kamu. To cikin 1,000 da suka yi aiki da shi, 13 ke nan. Ku cire 13 daga 1,000. Saura 987 lafiya lau. Ke nan yawancin masu aikin ba za su kamu ba. Amma waɗannan 3 da suka ƙaru, kowanensu mai gida ne, akwai bakunan da yake ciyarwa. Kuma da an rufe gwangwani an buɗe taga, da wataƙila ba su shiga lissafin ba.

Wani zai ce, "Mushe, mu nan da esansi muke wanke ƙarfe." Gaskiya ne, kuma nan ne zancen ya fi shafarmu. Ku shiga kowane garaji. Za ku ga kwano da esansi, yaro ya tsoma hannu har wuyan hannu yana wanke kabireta. In an tashi, da shi ake wanke hannu kafin a ci abinci. Ku dubi ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba a bakin hanya. Tiyo a baki, a zuƙa, mai ya taho, a tofar. Sau nawa a wuni? Tun da daɗewa an san esansi yana ɗauke da wani abu mai suna banzin, wanda ke kawo ciwon dajin jini. A shekarar 2025 cibiyar Liyon ta sa esansi kansa cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji: na jini da na mafitsara. Game da ƙoda kuma suka ce akwai alamu, amma hujjar ba ta cika ba tukuna. Ku lura da bambancin. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ƙasan mara. Ƙoda ita ce mai tace shi a sama. Hanya ɗaya ce, mai ɗaya ne ke bi.

Ni dai ra'ayina, ba sai hujja ta cika za a cire tiyo daga baki ba. Akwai ɗan famfon hannu na roba da ake matsawa, mai ya taho da kansa. Kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Akwai mazurari. Mai gidan da ya saya wa yaransa wannan ya yi musu abin da ya fi kuɗin shayi.

Masu walda, ku ma akwai taku. A 2017 aka tabbatar hayaƙin walda yana kawo ciwon dajin huhu. Ƙoda kuma tana cikin waɗanda ake zargi. Hayaƙin nan ba irin na itace ba ne. Ƙarfe ne da ya narke ya tashi. Kuma ku ji wannan da kyau: kada a yi walda a kan ƙarfen da aka wanke da tirikulo bai bushe ba, ko kusa da buɗaɗɗen gwangwaninsa. Zafin wutar yana juya shi ya zama iska mai guba, wadda ke iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma ƙarafa masu dafi. Ɗaya sunansa kadmiyom. Yana cikin wasu batura da ake cajawa, da wasu fenti ja da rawaya, da rufin wasu ƙarafa. Idan ya shiga jiki, a ƙoda yake zama, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Shi ma ana zarginsa da ciwon dajin ƙoda. Masu fasa tsofaffin batura da masu ƙona tarkacen rediyo da salula don su ciro waya, su kula. Dalma kuwa, wadda ke cikin batirin mota, tana lalata ƙoda sannu a hankali kuma tana kawo hawan jini. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga dafinta a 2010. An riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ashe da dalma a ciki, yara sama da 400 suka rasu. Matasanmu da ke zuwa haƙar zinariya a Jado, ko Komabangu, ko Ɗan Isa, su san cewa zaibar da ake ƙonawa don a ware zinariya, hayaƙinta yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Wannan lalacewar ƙoda ce, ba daji ba. Amma ƙodar da ta daɗe da lalacewa, har ta kai ga wankin ƙoda da inji, ta fi lafiyayya saurin kamuwa da daji.

Waɗanda suka yi aiki a Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, za su tambaya. Babban haɗarin ramin yuraniyom ga huhu yake, saboda wata iska da ke fita daga dutsen. Amma yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi, idan ƙurarsa ta shiga jiki ƙoda take nufa. A Faransa an bi sawun tsofaffin masu haƙarsa, an ga ciwon dajin ƙoda ya ɗan fi yawa a cikinsu, ko da yake ba a ga yana ƙaruwa da yawan iskar da suka shaƙa ba. Tsohon ma'aikacin rami ya faɗa wa likita inda ya yi aiki, ko ba a tambaye shi ba.

Manoma fa? Maganin feshi na ƙwari da na ciyawa, a Amurka ana bin lafiyar dubban manoma tun 1993, kuma an ga alamu a kan wasu irin magungunan. Ba a yanke hukunci ba. Amma mai feshin albasa ko wake da ke dama magani da hannu, ya yi feshi iska tana mayar masa a fuska, ba ya bukatar masana su gaya masa ya yi kuskure. Kansa da ke ciwo da yamma ya riga ya gaya masa.

Yanzu zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Duk waɗannan da na lissafa, ba su ne suka fi kawo ciwon dajin ƙoda ba. Abubuwa uku sun fi su: taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini. Namiji mai shan taba, haɗarinsa ya ƙaru da kamar kashi 50 cikin 100. Kun ga ya fi 30 ɗin nan na tirikulo. To ina ruwan sana'a da wannan? Da ruwanta. Direban babbar mota yana zaune daga Yamai har Agadas, taba a baki don kada barci ya ɗauke shi. Mai kanti yana zaune daga safe har dare, shayi mai sukari yana zagayawa. Tela haka, ma'aikacin ofis haka. Ba su taɓa dafin gwangwani ba, amma sana'a ta zaunar da su, tumbi ya fito, jini ya hau. Makanikin da ya haɗa esansi da taba kuwa, ya ɗora wa ƙodarsa kaya biyu. Awon jini, wanda muke ce wa tansiyo, ba ya ɗaukar minti 5. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa yi, ko yana jin lafiya.

Ga wani labari kuma da ya kama ni. A Suwizalan, wajen shekarun 1950, ma'aikatan masana'antar agogo suna fama da ciwon kai saboda duban ƙananan abubuwa wuni guda. Sai suka saba da wani maganin ciwo mai suna fenasetin. Kullum sai sun sha, wasu sau da yawa a wuni. Bayan shekaru ƙodojinsu suka lalace. Daga baya aka tabbatar maganin yana kawo daji a wurin da fitsari ke taruwa a cikin ƙoda, aka hana sayar da shi. Da na karanta, sai na tuna da lebura da mai turin kura da mai buga bulo a garinmu. Kowace safiya sai ya tsaya wurin mai tebur ya haɗiyi ƙwayoyin gajiya biyu ko uku, bai san sunansu ba. Magungunan yau ba fenasetin ba ne. Amma da yawa cikin magungunan ciwon jiki suna cin ƙoda idan aka mayar da su abincin kullum, balle a rana mai zafi, mutum yana zufa bai sha ruwa ba.

To me za a yi? Ba cewa na yi ku bar sana'a ba. Da ita ake ci, da ita ake biyan kuɗin makaranta. Gyara za a yi.

Abu na farko yana hannunku tun da kuka shiga aji: ku karanta jikin gwangwani. Ko rubutun ya yi wuya, akwai hoto. Za ku ga murabba'i mai jan baki, yana tsaye a kan kusurwarsa. Idan a ciki akwai ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, guba ce mai kisa nan da nan. Idan akwai hoton mutum daga kai zuwa ƙirji, da wani abu kamar tauraro ya fashe a ƙirjinsa, wannan mai cuta ne a hankali, kuma masu kawo daji suna cikin wannan aji. Ku nemi wannan lamba: H350. Ma'anarta, yana iya kawo ciwon daji. Ku rubuta ta a littafinku. Ruwan da aka kawo muku a kwalbar da babu rubutu, ku tambayi sunansa kafin ku buɗe.

Wankin ƙarfe a yi shi a fili ko bakin ƙofa, iska tana bayanka tana tafiya da warin gaba. A riƙe ƙarfen da filaya, a goge da buroshi, hannu kada ya shiga kwano. An gama, a rufe kwanon. Safar hannu siririya irin ta asibiti ba ta tare mai, sai mai kauri da aka yi don aikin. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci yana rage ƙura, amma warin mai yana ratsa shi kamar babu. Hannu kuwa, sabulu da ruwa. In giris ya kafe, a fara murza shi da ɗan man gyaɗa, sannan sabulu. Kada a ci abinci a inda ake wankin ƙarfe. Ragowar ruwan wanki kada a zuba kusa da rijiya, ku tuna da barikin nan na Amurka. Bidon da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko mai, ya haramta ga ruwan sha har abada, ko an wanke shi sau 10.

Iyayena mata, ku ma da ku. Kayan aikin mai gida, a wanke su daban, kada a haɗa da na yara. Kada a kakkaɓe su a ɗaki.

Masu garaji, yaran nan amana ce iyayensu suka ba ku. Ƙaramin yaro shi ake ba wankin ƙarfe, don shi ne aikin da babba ba ya so. Shi kuma ya fi kowa sauran shekaru a gaba, waɗanda ciwon ke bukata don ya girma. Dokar aiki ta ƙasarmu, ta 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. Wanda yake aiki a kamfani kuma an yi masa rajista a asusun ma'aikata, wato CNSS, ya sani cewa asusun yana duba haɗarin aiki da cututtukan da aiki ke jawowa. Ya adana takardunsa.

Mu koma ga jinin fitsari. A ƙasarmu, da an ga jini sai a ce tsargiya. Sau da yawa gaskiya ne, musamman ga yara masu wanka a tafki, da masunta, da masu aikin shinkafa da noman rani a bakin Kwara ko a Konni da Jiratawa. Jinin tsargiya yakan zo a ƙarshen fitsari, ɗigo-ɗigo. Tana da magani a asibiti, kuma a sha shi, don tsargiyar da aka bari shekaru tana kawo dajin mafitsara. Amma babban mutum da ya ga fitsarinsa ya yi ja ko ya yi kalar shayi tun daga farko har ƙarshe, babu zafi, ko sau ɗaya ne, ko ya ɗauke da kansa, ya tafi asibiti. Haka wanda yake jin ciwo a kwiɓi ɗaya da ba ya tafiya, ko ya taɓa ƙulli a wurin, ko yana ramewa ba dalili, ko zazzaɓi yana dawowa an sha maganin sauro bai ji ba. Za a auna fitsari, a ɗauki hoton ciki da ake kira eko. Ba ya ciwo. Idan an ga wani abu, za a tura shi babban asibiti a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, inda akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji.

Babban maganin dajin ƙoda tiyata ce. A cire ƙarin, ko a cire ƙodar gaba ɗaya. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, ya yi aikinsa. A Amurka, cikin mutum 100 da aka gano ciwon tun bai fita daga ƙoda ba, sama da 90 suna raye bayan shekara 5. Idan ya riga ya kai huhu ko ƙashi, ba su wuce 20 ba.

Baban nan namu ya tafi. An yi masa eko, aka ga ƙari a ƙodar hagu. Aka tura shi gaba, aka yi tiyata. Kuɗi sun tafi, ƴaƴansa sun sayar da tumaki, abokan sana'a sun yi karo-karo. Bayan wata 4 ya dawo aji, ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa. Na ce, "Baba, me likita ya ce, aikin ne?" Ya ce likita ya gaya masa babu mai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne, don ya sha taba shekara 25, jininsa yana hawa, ga kuma garaji. Ya bar taba. Na biya ta garajinsa ran nan, na ga kwanon esansi da murfi, ga bokitin ruwa da sabulu a gindin bedi. Ya ce yaran suna yi masa dariya, suna cewa Baba ya zama likita.

Ga aikin gida. Kowa ya buɗe sabon shafi. A sama ya rubuta sunansa. A ƙasa ya rubuta duk sana'ar da ya taɓa yi tun yana yaro, da garin da ya yi ta, da yawan shekarun. A gefen kowace ya rubuta abin da ya taɓa ko ya shaƙa: mai, fenti, hayaƙin walda, maganin feshi, ƙurar dutse. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, malamin ajinsa ya taimake shi. Wannan shafi kada a yage shi. Ranar da za a je asibiti, a tafi da shi a miƙa wa likita. Wanda yake da gwangwani mai hoton jan murabba'i a wurin aikinsa, ya kwafo rubutun jikinsa a takarda ya kawo aji, a karanta tare. Gwangwanin kansa ya bar shi can, a rufe.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.